Manjo Lanoe Hawker, Baturen Da Ya Koya Wa Ingila Faɗa A Sararin Sama

A yau in aka ambaci jirgin saman yaƙi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wani ƙarfe mai gudun da ya fi na ƙara, wanda ke harbo abokin gaba tun matuƙinsa bai gan shi da ido ba. Amma farkon al'amarin ba haka yake ba. A shekarar 1914, lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke tsakanin Jamus da su Ingila da Faransa, jirgin sama katako ne da waya da yadi. Matuƙi yana zaune a fili iska tana dukansa, ba shi da laimar da zai diro da ita in jirgi ya kama wuta, ba shi kuma da bindigar kirki. Manyan hafsoshi da yawa a lokacin suna ganin abin kamar wasan yara ne.

Cikin shekara biyu kacal sai ga jirgin sama ya zama makamin da ba a iya yin yaƙi ba tare da shi ba. Waɗansu samari 'yan ƙalilan ne suka gano yadda ake faɗa da shi, ba malami, ba littafi, yawancinsu kuwa da ransu suka biya kuɗin karatun. A wajen Turawan Ingila, na gaba cikin waɗannan samari shi ne Manjo Lanoe George Hawker. Shi ne Baturen Ingila na farko da ya harbo jiragen abokan gaba har biyar, shi ne na farko da ya sami babbar lambar girma ta Victoria Cross saboda faɗan jirgi da jirgi, kuma an kashe shi yana da shekara 25 a duniya.

ASALINSA

An haifi Hawker ran 30 ga watan Disamba 1890 a wani ƙauye da ake kira Longparish, cikin lardin Hampshire a kudancin Ingila. Gidansu gidan soja ne, ubansa hafsa ne a rundunar mayaƙan ruwa. Saboda haka tun yana yaro aka kai shi makarantar horad da hafsoshin ruwa ta Dartmouth don ya gaji ubansa. Yaron yana da kai, amma ba shi da ƙoshin lafiya, har ciwon shawara ya kama shi. Da aka ga jikinsa ba zai ɗauki wahalar teku ba, sai ya koma makarantar hafsoshin ƙasa ta Woolwich, ya fito a cikin rundunar injiniyoyin soja.

Wannan sauyi ya yi masa rana daga baya, domin shi mutum ne mai son kwance ƙarfe da ɗaurawa, ba ya ganin na'ura ya wuce sai ya san abin da ke motsa ta. A shekarar 1910 ya ga majigin jirgin su Wright, 'yan'uwan nan biyu na Amurka waɗanda suka fara tashi sama da inji a 1903, sa'an nan ya je kallon wasan jiragen sama a garin Bournemouth. Tun daga ran nan abin ya shiga ransa. Da kuɗin aljihunsa ya biya aka koya masa tuƙi a filin Hendon kusa da Landan, ran 4 ga watan Maris 1913 kuwa aka ba shi takardar shaidar tuƙin jirgin sama mai lamba 435. Wannan lamba kaɗai ta isa ta nuna wa mai karatu ƙarancin matuƙa a Ingila a zamanin.

Duk da haka ba a sake shi nan da nan ba. An tura shi tashar jiragen ruwa ta Cork a ƙasar Ailan, inda ya yi aikin injiniya yana ta roƙo a mai da shi sashen jiragen sama na soja, wanda aka kafa a 1912. Da aka amsa masa, ya isa makarantar tuƙi ta soja a Upavon ran 1 ga watan Agusta 1914. Bayan kwana uku Ingila ta shiga yaƙi.

AIKIN LEƘEN ASIRI

A watan Oktoba 1914 Hawker ya ƙetare teku tare da rukuni na 6 na jiragen saman soja. Aikinsu a lokacin leƙen asiri ne. Sojojin ɓangarorin biyu sun haƙa ramuka sun shige tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, babu mai iya ganin abin da ke bayan ramin ɗan'uwansa. Da can mahayan dawaki ke wannan aiki, amma bindiga mai jigida da waya mai ƙaya sun hana doki motsi. Sai jirgin sama ya zama idon janar. Shi ke gano inda aka tara mayaƙa, shi ke ɗauko hoton ramuka, shi ke gaya wa 'yan igwa ko harbinsu ya faɗa daidai ko ya kauce.

To, tun da kowa ya gane jirgin abokin gaba ido ne, sai kowa ya so ya tsone shi. Da fari matuƙa suna tafiya da libarba da bindigar kafaɗa suna harbin juna in sun haɗu, amma da wuya a sami wani. Mutum yana riƙe da sandar tuƙi da hannu ɗaya, jirginsa yana rawa, wanda yake nema shi ma yana gudu, ina za a yi saiti?

Sunan Hawker ya fara fitowa a watan Afrilu 1915. Jamusawa suna da waɗansu manyan jirage da ake kira Zeppelin, masu kama da ƙaton balan-balan, waɗanda suka fara jefa bom a garuruwan Ingila a farkon wannan shekara. Aka tura Hawker shi kaɗai cikin jirgi samfurin B.E.2c ya je ya kai wa rumfarsu hari a Gontrode, kusa da birnin Ghent, can cikin ƙasar da Jamus ta mamaye. Ya tarar an kewaye wurin da bindigogi, an kuma ɗaure wani balan-balan na masu gadi a sama. Sai ya mai da balan-balan ɗin garkuwa, ya riƙa kewaya shi yana saukowa, masu harbi na ƙasa suna tsoron kada su sami nasu. Da haka ya sauko har ƙafa 200 daga ƙasa ya zuba abin da ya ɗauko, ya koma gida. Saboda wannan aka ba shi lambar girma ta D.S.O.

Ba a daɗe ba, ran 22 ga watan Afrilu, Jamusawa suka saki iskar guba a kan sojojin ƙawance kusa da garin Ypres, aka shiga wani mummunan yaƙi na makonni. A nan harsashi daga ƙasa ya sami Hawker a ƙafa. Ya ƙi kwanciya asibiti. Kullum sai a ɗauke shi a sa cikin jirgi, in ya dawo a sauko da shi, haka ya yi ta yi har ƙura ta lafa.

BINDIGA DA FARFELA

Babbar matsalar da ta dami kowa a lokacin ita ce farfela. Hanya mafi sauƙi ta harbi daga jirgi ita ce a kafe bindiga tana kallon gaba, matuƙi ya auna abokin gaba da hancin jirginsa ya danna kunama. Amma farfela tana gaban jirgi tana juyawa, ta katako ce kuwa, in aka yi harbi ta cikinta mutum ya harbo kansa ke nan. Wani Bafaranshe mai suna Roland Garros ya liƙa wa farfelarsa ƙarafa don su kauda harsashin da ya same ta, ya kuwa harbo jirage uku, amma a watan Afrilu 1915 ya faɗa hannun Jamusawa da shi da jirginsa.

Hawker ya bi tasa hanyar. An kawo wa rukuninsu wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya, samfurin Bristol Scout, mai lamba 1611. Shi da wani makaniki mai suna Ernest Elton suka ƙera mariƙi suka kafe bindigar Lewis a gefen hagu na jirgin, bakinta a karkace, yadda harsashi zai wuce ta gefen farfela. Watau ke nan jirgi yana tafiya gaba, bindiga tana harbi gefe. Wanda zai sami abokin gaba da irin wannan sai ya zo masa a kaikaice kamar tafiyar ƙaguwa, ya kuma matso kusa ƙwarai, domin farantin harsashin bindigar guda 47 kaɗai yake ci.

Da wannan jirgi ya tashi da yammacin ran 25 ga watan Yuli 1915 a sararin Ypres. Ya yi karo da jiragen Jamus uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mutum biyu a ciki da bindiga mai jigida. Na farko ya sha wuta ya tsere. Na biyu ya lalace, tilas ya sauka. Na uku ya same shi a wajen ƙafa 10,000 sama, ya ɓullo masa ta wajen rana yadda ba za a gan shi ba sai ya iso, ya buɗe masa wuta. Jirgin ya kama da wuta ya faɗi a ɓangaren Ingilishi, mutanen ciki biyu duka suka mutu, dubban sojoji kuwa suna kallo daga ramukansu. Ran nan shekara shida ke nan cif da ranar da Louis Bleriot ya fara ƙetare mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila cikin jirgin sama, duniya tana ta mamaki. Abin da aka yi wa tafi a 1909 ya zama abin kisa a 1915.

Bayan wata guda aka ba da sanarwar ba shi Victoria Cross. Ita ce lambar jaruntaka mafi girma a sojan Ingila, a 1856 aka kafa ta, kuma ita ce aka ba Laftana Wallace Wright saboda karon da aka yi a Kwatarkwashi a 1903 lokacin yaƙin Turawa da Kano. Kafin Hawker matuƙa biyu sun samu, ɗaya saboda jefa bom, ɗaya saboda ƙone Zeppelin, amma ta faɗan jirgi da jirgi tasa ce ta farko. Kafin ƙarshen watan Satumba jiragen da aka lissafa masa sun kai bakwai.

ANNOBAR FOKKER

Ana cikin haka Jamusawa suka warware matsalar farfela gaba ɗaya. Ma'aikatar Anthony Fokker, wani mutumin Holan da ke ƙera musu jirage, ta fito da wata na'ura da ta haɗa injin jirgi da kunamar bindiga, yadda harsashi ba ya fita sai lokacin da farfela ta kauce daga bakin bindiga. Aka ɗora wannan a kan wani jirgi mai fiffike ɗaya, aka ba samari irin su Max Immelmann da Oswald Boelcke. Daga ƙarshen 1915 jiragen leƙen asirin Ingila suka shiga uku. Abin ya kai har a watan Janairu 1916 hedkwata ta ba da oda cewa duk jirgin da zai je leƙen asiri sai jirage uku aƙalla sun raka shi. Ma'anar wannan ita ce aikin da jirgi ɗaya ke yi da, yanzu sai huɗu. Har a majalisar dokoki ta Landan an yi ta cece-kuce a kan yadda ake tura yara su mutu cikin jiragen da ba su iya kare kansu.

Maganin da Ingila ta samo shi ne jirgin D.H.2, wanda Geoffrey de Havilland ya tsara. Tun da ba su da na'urar Fokker tukuna, sai suka mai da inji da farfela bayan matuƙi, shi kuma ya zauna can gaba kamar a cikin kwando, bindiga a gabansa ba abin da ya tare ta. Injin yana da ƙarfin doki 100, gudun jirgin kuwa wajen mil 93 a sa'a. Aka tara irin waɗannan jirage aka yi rukuni na 24, aka ɗora Hawker a kansa, aka kuma ba shi muƙamin Manjo. Wannan shi ne rukuni na farko a sojan Ingila wanda dukan jiragensa na mutum ɗaya ne, ba su da wani aiki sai faɗa. A watan Fabrairu 1916 suka sauka a Bertangles, arewa da birnin Amiens a Faransa.

Tun ba a gamu da abokan gaba ba jirgin ya fara cin mutanensa. In matuƙi ya yi kuskure wajen juyawa, sai jirgi ya kama hajijiya, ya riƙa juyawa kamar katantanwa har ƙasa, a lokacin kuwa yawancin matuƙa sun ɗauka wanda ya shiga wannan hali tasa ta ƙare. Tsoro ya kama yaran Hawker. Bai yi musu dogon jawabi ba. Ya ɗauki jirgi ya hau sama, ya jefa shi cikin hajijiyar da gangan, ya fitar da shi, ya sake, ta dama da ta hagu, suna tsaye suna kallo. Da ya sauko ya tara su ya bayyana musu abin da za su yi da hannu da ƙafa in abin ya same su, ya ce kowa ya hau ya gwada. Gani ya kori ji. Daga ran nan suka daina tsoron jirginsu.

Aikin injiniya da ya koya ya yi amfani a nan fiye da ko'ina. Hukuma ta ce a bar bindigar D.H.2 tana motsi don matuƙi ya juya ta inda ya so. Hawker ya ga wannan wahala ce kawai, ya sa aka kafe ta tana kallon gaba. Da manya suka hana, sai ya ƙera wani maƙali wanda ke riƙe ta kam, amma ana iya sakinsa, ya cika oda ke nan ya kuma sami abin da yake so. Shi da abokinsa Louis Strange suka yi aikin ninka farantin harsashi, daga 47 ya koma 97, domin sauya faranti a tsakiyar faɗa, da hannu ɗaya cikin iska, ya sha jawo ajalin mutane. Ya gyara abin saiti. Ya ƙera wani akwatin jirgi mai lilo a ƙasa don a koyi harbi ba tare da an tashi ba. Har takalmi ya tsara, na fatar tunkiya da gashinta, mai kaiwa cinya, saboda sanyin sama yana daskarad da ƙafar matuƙi, tun ba a D.H.2 ba inda zafin inji ke baya. Daga bisani wannan takalmi ya zama kayan aikin da ake raba wa matuƙa duka.

YAƘIN SOMME

Ran 1 ga watan Yuli 1916 Ingila ta fara babban farmakinta a bakin kogin Somme. A wannan rana ɗaya sojojinta fiye da 57,000 suka mutu ko suka yi rauni, matattu kaɗai sun haura 19,000. A ƙasa abin bai yi kyau ba, amma a sama Ingila ce ke da rinjaye. Odar da Hawker ya liƙa wa yaransa a jajiberin farmakin kalma biyu ce rak a Turance, ma'anarta su auka wa duk abin da suka gani. Sun kuwa bi ta. Jiragen Fokker suka rasa sakat, Immelmann ya riga ya mutu a watan Yuni, jiragen leƙen asirin Ingila suka riƙa aikinsu a kan ramukan Jamus yadda suka ga dama. Kafin watan Nuwamba rukuni na 24 ya lissafa jirage wajen 70 da ya ce ya harbo ko ya kora ƙasa.

Amma wanda aka kayar ba ya barci. Jamus ta kira Boelcke ta ce ya zaɓi samarin da yake so ya kafa rukunin mafarauta, ta kuma ba su sabon jirgi samfurin Albatros a watan Satumba. Injinsa ƙarfin doki 160 ne, ya fi D.H.2 gudu, ya fi shi saurin hawa, yana da bindigogi biyu masu harbi ta cikin farfela, kowacce da jigidar harsashi ɗari biyar. Abu guda D.H.2 ya fi shi, shi ne iya juyawa a ƙuntataccen wuri. Jirgin da ya ceci Ingila a watan Maris ya zama tsohon yayi a watan Oktoba, kuma babu sabo da za a ba su sai shekara ta kewayo. Duk da haka hedkwata ba ta sauya manufa ba: a ci gaba da kai faɗa can cikin sararin Jamusawa.

Ran 28 ga watan Oktoba, cikin wani faɗa da jiragen rukunin Hawker guda biyu, jirgin Boelcke ya gogi na wani yaronsa, fiffikensa ya karye, ya faɗi ya mutu yana da jirage 40 a lissafinsa. A cikin samarin da ya bari akwai wani tsohon sojan doki mai shekara 24, sunansa Manfred von Richthofen.

RANAR ƘARSHE

A ƙa'ida, a wannan lokaci an hana shugabannin rukuni ƙetare layin yaƙi, saboda irinsu ba su da yawa, in an rasa su ba a samun madadinsu da wuri. Hawker bai cika bin wannan doka ba. Yana ganin bai kamata ya zauna a ofis yana tura yara inda shi ba ya zuwa ba, balle yanzu da kullum ake komowa da gurbi a teburin cin abinci. Yakan shiga sintiri a matsayin ɗan rakiya, ya bar wa ƙaramin hafsa jagora.

Haka ya yi ran 23 ga watan Nuwamba 1916. Da misalin ƙarfe ɗaya na rana suka tashi daga Bertangles, Kyaftin J. O. Andrews yana gaba, sai Hawker, sai Robert Saundby. Kusa da garin Bapaume suka hangi jiragen Jamus biyu suka bi su, ashe akwai ayarin Albatros a bisansu. Andrews ya gan su ya so ya janye, amma ya ga Manjo ya riga ya kutsa, sai ya bi shi. Nan da nan aka sami injin Andrews, da ƙyar ya lallaɓa ya koma. Hawker ya rage shi da Albatros guda, Richthofen ne a ciki.

Suka shiga kewaya juna, kowa yana neman ya sami bayan ɗan'uwansa, domin wanda ya sami baya shi ke da harbi. Hawker ya fi iya juyi, Richthofen ya fi ƙarfin inji, saboda haka kullum shi ke sama. Ba wanda ya sami wani. Richthofen ya faɗa daga baya cewa tun a zagayen farko ya gane ba da ɗan koyo yake yi ba, har ma a tsakiyar abin Baturen Ingilan ya ɗaga masa hannu.

Amma akwai abubuwa biyu da ke yi wa Bajamushen aiki ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba. Na farko iska. A wannan yanki yawanci daga yamma take busowa, watau daga wajen Ingilishi zuwa wajen Jamusawa, saboda haka duk zagayen da suka yi tana ƙara tura su cikin ƙasar abokan gaba. Na biyu kuwa, kowane zagaye yana rage musu tsawo, mai kuma yana ƙarewa. Richthofen yana bisa gidansa, in mansa ya ƙare sauka kawai zai yi. Hawker kuwa sai ya zaɓa, ko ya sauka a kama shi, ko ya yanke ya nufi gida ya ba da baya ga bindigogi biyu.

Da suka kusa taɓa ƙasa sai ya yanke. Ya nufi yamma yana kauce-kauce dama da hagu don ya ɓata wa mai binsa saiti, amma kowace kaucewa tana rage masa gudu. Richthofen ya manne masa yana harbi, har ya ce harsashi wajen 900 ya ƙarar, bindigoginsa ma suka cije. A cikin na ƙarshen da suka fita ne ɗaya ya sami Hawker a ƙeya. Jirgin ya faɗi kusa da wata gona da ake kira Luisenhof, kudu da Bapaume, bai kai ga layin nasu ba. Saura kwana 37 ya cika shekara 26.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Sojojin Jamus suka binne shi a gefen tarkacen jirginsa. Richthofen ya ɗauke bindigar ya rataye a bisa ƙofar ɗakinsa, shi ne mutum na 11 a lissafinsa, kuma ya sha faɗin cewa wannan karo yana cikin mafi wuya da ya taɓa yi. Yaƙi ya yi ta bi ta kan wannan fili gaba da baya har shekara biyu, igwa ta tone shi ta sake tonewa, kabarin ya ɓace. Sunan Hawker yana jikin dutsen tunawa na birnin Arras, wanda aka buɗe a 1932, tare da sunayen mayaƙan sama kusan 1,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Masana tarihin yaƙi sun daɗe suna muhawara a kan wannan rana. Waɗansu suna ganin laifin Hawker ne da ya karya doka, domin Ingila ta yi hasarar malamin da ya fi mata amfani a raye fiye da jirgi ɗaya ko biyu da zai harbo, tun ba da yake ana shirin ƙara masa girma ba. Waɗansu kuma suna cewa abin da ya sa yaransa suka yarda su hau tsohon jirgi su tari sabo shi ne sun san Manjo yana hawa irinsa. Abin da ba a gardama a kai shi ne, gwaninta ba ta rasa ba a ran nan, inji ne ya gaza. An ƙara ganin haka a watan Afrilu 1917, lokacin da Ingila ta yi hasarar jirage fiye da 200 cikin wata guda kafin sababbin jiragenta su iso da yawa.

Mutanen da suka yi wannan makaranta ta D.H.2 suka rayu, su suka riƙe rundunar mayaƙan saman Ingila daga baya. Saundby ya zama mataimakin shugaban rundunar jiragen bom a Yaƙin Duniya na Biyu. Wani kuma, Arthur Coningham, wanda ya fara faɗa cikin D.H.2 a rukuni na 32, shi ne ya jagoranci jirage uku daga Masar suka biyo ta Sudan da Chadi suka sauka Kano a watan Nuwamba 1925.

Lambar Victoria Cross ta Hawker ta ɓace a 1940, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa danginsa suka gudu suka bar kayansu a can. An ba su wata a madadinta a 1960, tana gidan kayan tarihi na mayaƙan sama a Hendon, filin da ya koyi tuƙi da kuɗinsa. Ƙanensa Tyrrel ya rubuta tarihinsa a 1965, an sa taga ta tunawa da shi a majami'ar ƙauyensu, a 2011 kuma rukuni na 24 ya kafa masa dutse a ƙauyen Ligny-Thilloy, kusa da inda ya faɗi.

Shi kuwa Richthofen, gaba da gabanta. Ya shafa wa jirginsa jan fenti, ya yi suna a duniya, lissafinsa ya kai 80. Ran 21 ga watan Afrilu 1918 ya bi wani jirgi ƙasa-ƙasa har cikin ɓangaren abokan gaba a bakin kogin Somme, harsashi ɗaya ya same shi a ƙirji, shi ma yana da shekara 25. Washegari sojojin Ostareliya suka yi masa jana'izar girmamawa irin ta soja, suka binne shi a maƙabartar ƙauyen Bertangles, inda Hawker ya tashi ran da bai komo ba.